Kumburin da ba ya ciwo: abin da na gani a sashen tiyatar baki da muƙamuƙi

Ranar da ƙanena ya fara nuna mini kumburin da ke gefen muƙamuƙinsa na ƙasa, ta wajen hagu, bai kai girman ƙwan tantabara ba, kuma da na danna wurin da yatsa na ji shi da tauri kamar ƙashi. Na tambaye shi ko yana masa ciwo, ya ce: "Ko kaɗan, Yaya, ni ma sai a madubi na lura da shi." Wannan amsar ce ta kwantar mana da hankali, kuma ita ce ta cuce mu, domin mun taso da sanin cewa jiki magayi ne, muka ɗauka duk abin da bai yi zafi ba bai isa a kai shi gaban likita ba. Yau, bayan abin da ya biyo baya, na gane cewa jiki yakan yi maganarsa a hankali ƙwarai, kuma mafi munin cututtukan baki da muƙamuƙi su ne waɗanda ke shigowa ba sallama.

Bayan wasu watanni sai ɗaya daga cikin turamen haƙoransa na wannan ɓangaren ya fara girgiɗa. Ya tafi wani wuri aka cire masa shi, ba tare da an ɗauki hoton ƙashin ba, ba kuma tare da wanda ya cire ya tambayi kansa dalilin da zai sa haƙorin saurayi mai lafiya, wanda bai ruɓe ba, ya saki haka kawai. Har yanzu wannan sakacin yana ci mini rai, domin hoto ɗaya tak a wannan ranar da ya rage mana wahala mai yawa. Ramin haƙorin bai rufe yadda ya kamata ba, kumburin ya ci gaba da girma sannu a hankali, har sai da fuskarsa ta karkace ta yadda baƙo ma zai lura, kuma a lokacin an doshi shekara biyu da fara abin.

Likitar haƙori ta biyu da ya gani ba ta taɓa komai ba, ta duba kawai ta rubuta takarda zuwa sashen tiyatar baki da muƙamuƙi da fuska. Gaskiya kafin wannan rana ban san akwai wani fanni mai zaman kansa irin wannan ba. Fanni ne da ke tsaye tsakanin likitancin haƙori da fiɗar jiki, kuma aikin masu shi ya tashi daga ciro haƙorin da ya maƙale a cikin ƙashi, ya bi ta ɗorin karayar fuska, da yanke ƙari, da gyaran leɓe ko ganda da aka haifi yaro da su a tsage, da cututtukan halittun da ke samar da yawu, har zuwa sake gina muƙamuƙi gaba ɗaya. Saboda faɗin aikin ne a wasu ƙasashe, kamar Ingila, sai mutum ya yi karatun likitan haƙori ya kuma yi na likitan jiki kafin a ba shi wannan matsayi.

Ba zan manta da hoton ba. Irin dogon hoton nan ne da ke shimfiɗa muƙamuƙi duka daga kunne zuwa kunne, kuma a ɓangaren dama ƙashin ya fito fari sol, cike, amma a hagu sai wasu baƙaƙen ramuka a jere, manya da ƙanana, tamkar kumfar sabulu. Likitan ya sa bakin alƙalaminsa a kan saiwoyin haƙoran da ke kusa, ya nuna mana yadda aka cinye su daga ƙasa, kamar an yanke da wuƙa. Ya ce yana zargin wani ƙari ne da ake kira amelobilastoma, amma ba zai tabbatar ba sai an yanki ɗan nama an kai ɗakin gwaji, kuma sakamakon da ya dawo ya gaskata zarginsa. Bayanin da ya yi mana shi ne, lokacin da haƙora ke ƙeruwa a cikin ƙashi tun mutum yana ƙarami, akwai ƙwayoyin halitta da ke gina farin rufin haƙori, kuma idan sun gama aikinsu wasu ragowarsu kan zauna shiru a cikin muƙamuƙi. Wani lokaci, ba tare da wani laifin mai jikin ba, ragowar nan sai su farka su fara yaɗuwa. Kusan kashi 80 cikin 100 na irin wannan ƙari a muƙamuƙin ƙasa yake fitowa, galibi ta baya wajen turame.

Da muka ji cewa ba sankara ba ce sai muka yi ajiyar zuciya, amma murnar ba ta daɗe ba, domin likitan ya ce dole a yanke wannan yankin na muƙamuƙin a cire shi ɗungurungum. Na yi masa gardama, kuma ba na jin kunyar faɗin haka. Na ce: "Likita, tunda ka ce ba mugun ƙari ba ne, me zai hana a buɗe a kankare shi kawai a bar masa ƙashinsa?" Ya amsa mini cikin natsuwa cewa ƙarin ba ya tafiya zuwa huhu ko hanta kamar yadda sankara ke yi, sai a wasu lokuta ƙalilan ƙwarai, amma yana kutsawa cikin ƙananan ƙofofin ɓargon ƙashi nesa da inda hoto ke nuna iyakarsa. Idan aka kankare, abin da ido bai gani ba zai zauna, kuma sau da yawa yakan dawo bayan shekaru, a lokacin da aikin zai fi na farko wuya. Shi ya sa ake yankewa a haɗa da santimita 1 zuwa 1.5 na lafiyayyen ƙashi a kowane gefe. Ya ƙara da cewa akwai wani nau'insa mai kama da jaka guda ɗaya, wanda idan an same shi da wuri ana iya yi masa aiki mai sauƙi, kuma wannan maganar ce ta fi komai sosa mini zuciya, don ta tuna mini da shekaru biyun da muka yi muna kallon abin.

Tambayar da ta rage ita ce me za a sa a gurbin ƙashin da aka cire. Muƙamuƙin ƙasa shi kaɗai ne ke motsi a cikin ƙasusuwa 14 na fuska, kuma shi ke riƙe da harshe ta gaba, shi ke ba haɓa siffarta, da shi ake tauna, da shi ake magana. Idan aka cire wani yanki aka bar gurbin haka, ragowar ƙashin zai karkata zuwa wajen da aka yanke, haƙoran sama da na ƙasa su daina haɗuwa. Akwai hanyoyi da dama: ana iya haɗa ɓangarorin biyu da doguwar sandar ƙarfen titaniyam, ana iya ɗebo ƙashi daga ƙugu ko haƙarƙari a dasa, wanda ke aiki sosai idan giɓin gajere ne. Ga giɓi mai tsawo irin na ƙanena kuwa, sun zaɓi siririn ƙashin nan da ke gefen ƙwauri ta waje. Wani likita a Amurka, David Hidalgo, shi ya bayyana amfani da wannan ƙashin wajen gina muƙamuƙi a 1989, kuma tun daga lokacin ya zama abin dogaro a wannan aiki. Hikimar ita ce ƙashin ba shi ne ke ɗauke da yawancin nauyin jiki ba, saboda haka ana iya cire tsakiyarsa a bar ƙarshensa biyu, na wajen gwiwa da na wajen idon sawu, mutum ya ci gaba da tafiyarsa. Ana ciro shi tare da jijiyoyin jininsa, a yayyanka shi gunduwa-gunduwa a lanƙwasa shi ya ɗauki siffar muƙamuƙi, a ɗaure da ƙarfe da ƙananan kusoshi, sannan a ɗinka jijiyoyinsa da na wuya a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, da zaren da ya fi gashin kai siranta. Ta haka ƙashin yake isa sabon mazauninsa da ransa.

Aikin ya cinye yini guda. Da aka fito da shi ban gane shi ba saboda kumburi, ga bututu a hanci da ake ba shi abinci ta ciki, ga wani a maƙogwaro da aka huda don kada kumburin ya toshe masa numfashi, ga ƙafa a naɗe. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata ma'aikaciyar jinya da ke zuwa kowace sa'a, dare da rana a kwanakin farko, da ƴar fitila a hannu. Takan buɗe bakinsa a hankali, ta haska ɗan yankin fatar ƙafa da aka ɗauko tare da ƙashin aka shimfiɗa a cikin baki, ta danna shi da yatsa ya yi fari, sannan ta tsaya ta ga ko jini zai dawo ya mai da shi launinsa. Ta gaya mini cewa idan jijiyar da aka ɗinka ta toshe, sa'o'i kaɗan ake da su a koma ɗakin tiyata kafin ƙashin ya mutu. Ƙanena ba ya iya magana a lokacin, sai rubutu a kan takarda, kuma abin da ya fara rubuta mini shi ne tambaya ko fatar tana nan da ranta.

Zaman jinya yakan sa mutum ya san maƙwabtan gadonsa, kuma a cikin makonnin nan na ga sauran fuskokin wannan fanni. Wanda ya fi tsorata ni wani magidanci ne da aka kawo da tsakar dare, yana zaune ya kasa kwanciya, yawu na zuba daga bakinsa, ƙarƙashin haɓarsa ya kumbura ya yi tauri kamar katako. Asalin abin ruɓaɓɓen turmi ne na ƙasa da ya yi ta danne ciwonsa da ƙwayoyi har tsawon makonni. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruɓar ta kai ga cikin haƙori, ƙwayoyin cuta suka bi saiwa suka fita ta ƙasa, kuma da yake saiwoyin turamen baya suna zarce inda tsokar ƙasan baki ta manne da ƙashi, cutar ta bazu kai tsaye cikin naman wuya, ta ɗaga harshe sama ta tura shi baya zuwa hanyar iska. Wani likitan Jamus, Wilhelm Friedrich von Ludwig, ya bayyana wannan ciwon a 1836, kuma har yau da sunansa ake kiran sa. Likitocin ba su fara da haƙorin ba, sun fara da tabbatar da hanyar numfashi, sannan suka tsaga ƙarƙashin haɓa don rage matsi da fitar da mugunya, suka cire haƙorin, suka sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Masu ciwon sukari suna cikin waɗanda suka fi shiga wannan haɗari. Duk wanda ciwon haƙori ya kai shi ga kasa buɗe baki, ko kasa haɗiyar yawu, ko muryarsa ta canza, ko kumburi ya doshi ido ko wuya, to asibiti zai nufa a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.

Masu karaya su ne suka fi yawa a ɗakin, akasarinsu daga haɗarin hanya. A wurinsu na koyi cewa ma'aunin da likita ke bi wajen ɗorin muƙamuƙi shi ne cizo, wato yadda haƙoran sama da na ƙasa ke haɗuwa, domin kuskuren milimita ɗaya ko biyu mai bakin zai ji shi duk lokacin da ya tauna. Saboda haka tambayar farko da ake yi wa wanda ya bugu a fuska ita ce ko haƙoransa suna haɗuwa yadda ya saba. Da yake muƙamuƙin ƙasa lanƙwasasshe ne kamar baka, yakan karye a wuri biyu, inda aka buge shi da kuma can ɗaya gefen kusa da kunne, shi ya sa ba a tsayawa ga karayar da aka fara gani. Tsohuwar hanyar ɗori, wadda har yanzu ake amfani da ita, ita ce a ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya na tsawon makonni 4 zuwa 6, mutum ya rayu a kan abinci mai ruwa-ruwa. Sabuwar hanyar ita ce a shiga ta cikin baki a daidaita ƙashin a manna masa ƴan ƙarafan titaniyam da kusoshi, mutum ya iya buɗe bakinsa tun kwanakin farko. Karayar tsakiyar fuska kuwa har yau ana rarraba ta gida uku bisa layukan da likitan Faransa René Le Fort ya bayyana a 1901, bayan gwaje-gwajen da ya yi a kan kawunan gawawwaki. Yawancin dabarun gyaran fuska ma daga bala'i suka fito, domin a Yaƙin Duniya na Ɗaya ne Harold Gillies da abokan aikinsa, likitocin fiɗa da na haƙori tare, suka yi wa dubban sojojin da harsashi ya farfasa wa fuska aiki a wani asibiti a Sidcup da ke Ingila, wanda aka buɗe a 1917.

Akwai kuma wata yarinya da ba ta wuce shekara goma ba, wadda bakinta ba ya buɗuwa fiye da kaurin cokali, haɓarta kuma ta koma baya ta ƙanƙance. Mahaifiyarta ta ce tana ƙarama ta faɗi ta fasa haɓa, aka ɗinke wurin, kowa ya manta. Abin da ba a gani ba shi ne ƙarfin faɗuwar ya bi ƙashi ya fasa kan gaɓar muƙamuƙi da ke gaban kunne, jini ya taru a ciki, da tafiya ta yi tafiya ya zama ƙashi ya manne muƙamuƙin da ƙoƙon kai. Da yake daga wannan gaɓar ce muƙamuƙin yaro ke samun yawancin girmansa, sai fuskar ta ci gaba da girma ta bar haɓar a baya. Lafiyayyen babban mutum yana iya jera yatsunsa uku a tsaye tsakanin haƙoransa na gaba, kimanin milimita 40, ita kuwa ko yatsa ɗaya ba ya shiga. An yanke ƙashin da ya manne aka sa nama a tsakani don kada ya sake haɗewa, amma likitan ya gaya wa uwar cewa rabin aikin yana hannunta, domin idan ba a tilasta wa yarinyar motsa bakin kullum na tsawon watanni ba, duk da zafin da za ta ji, gaɓar za ta sake kullewa.

Jariran da aka haifa da tsagaggen leɓe ko ganda ma suna zuwa sashen, kuma su labarinsu ya fi daɗi: abu ne da ke faruwa ga kimanin ɗaya cikin haihuwa 700, ana ɗinke leɓen tsakanin wata 3 zuwa 6, gandar kuma wajen shekara guda kafin yaro ya fara magana sosai. Haka nan masu turmin ƙarshe, wanda ke fitowa tsakanin shekara 17 zuwa 25, idan ya rasa wuri ya kwanta a cikin ƙashi yana jawo kumburin dasashi a kai a kai, aikinsu na ƴan mintoci ne ko sa'a guda su koma gida.

Waɗanda suka fi kama da mu a kuskure su ne masu sankarar baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an samu sababbin masu sankarar leɓe da baki fiye da 377,000 a duniya, kuma fiye da 177,000 sun mutu. Taba, ko ta sha ko ta taunawa, da barasa su ne manyan dalilanta, kuma idan suka haɗu haɗarin yana ninkuwa. A farkonta ba ta wuce ɗan miki a gefen harshe ko ƙasan baki, ko wani farin tabo ko ja da ba ya gogewa, kuma sau da yawa ba ta ciwo. Ƙurjin baki na yau da kullum yana da zafi amma yana warkewa cikin mako ɗaya ko biyu, saboda haka duk mikin da ya wuce makonni uku bai warke ba dole gwani ya gan shi. Wanda aka kama tasa tana ƙarama, ɗan yanka ne a rufe, amma wanda ya zo bayan ta sauka cikin kaluluwar wuya, sai an haɗa masa babbar tiyata da gasa sankarar da hasken na'ura, wani lokaci ya rasa rabin harshe. Na ga duka biyun a ɗaki ɗaya, kuma tazarar da ke tsakanin gadajensu ba ta wuce watannin jinkiri ba.

Ƙanena ya warke. Ya ɗan yi ɗingishi na wasu makonni sannan tafiyarsa ta daidaita, tabon wuyansa ya kwanta a cikin lanƙwasar fata ta yadda sai an lura ake ganin sa. Abin da bai dawo ba shi ne jin leɓensa na ƙasa ta hagu, domin jijiyar da ke kai ji zuwa leɓe da haɓa tana ratsa tsakiyar ƙashin da aka cire, kuma an gaya masa tun kafin aikin cewa za ta tafi tare da shi. Idan yana shan ruwa yakan sa yatsa ya taɓa gefen bakinsa don ya tabbatar bai zubo ba, kuma ya koyi gwada zafin abin sha da ɗaya gefen. Yanzu ana shirin dasa masa haƙora a cikin sabon ƙashin, ta hanyar kusoshin titaniyam da ƙashi ke kamawa ya manne da su, abin da Per-Ingvar Brånemark na ƙasar Suwidin ya gano a shekarun 1950 kuma ya fara yi wa mutum a 1965. Duk shekara muna komawa a ɗauki wannan dogon hoton, domin ƙarin yana iya dawowa ko bayan shekara goma. A zuwanmu na ƙarshe likitan ya ɗaga hoton ya nuna mana inda ƙashin ƙafa ya haɗe da na muƙamuƙi har layin da ke tsakaninsu ya kusa ɓacewa, sannan ya rubuta mana ranar dawowa ta baɗi.